Fiffiken Dakta Zulkiflu

Haliru ya zo Kuala Lumpur ne don ya yi digiri na uku a kan zaizayar gaɓar teku, shi da ya tashi a Gusau, inda ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga bai wuce masa gwiwa ba. A shekararsa ta biyu, cikin 2006, farfesan da ke duba aikinsa a jami'arsu da ke titin Jalan Semarak ya gaya masa cewa ba a auna ƙasan teku daga kan kujera. Sai Haliru ya shiga ajin nutso, ya sha ruwan tafkin koyon iyo daidai gwargwado, har aka ce ya isa a kai shi tsibirin Tioman ya ƙarasa a cikin teku. In bai shiga ba, rabin bincikensa ya tashi.

Matarsa Surayya ba ta hana shi ba, tunda mace ba ta hana miji. Cewa kawai ta yi za ta buga wa Hajiyarsa waya ta ji ra'ayinta. Haliru ya san ra'ayin Hajiya a kan ruwa: ko ran da zai hau jirgin sama sai da ta tambaya ko ta kan teku zai bi. Aka yi ta jan magana har aka sasanta a kan sharaɗi guda. Ba za a tayar wa tsohuwa da hankali ba, muddin Dakta Zulkiflu zai raka shi.

Dakta Zulkiflu malami ne a wata kwaleji mai zaman kanta, ya daɗe a ƙasar, kuma duk Bahaushen da ke cin abinci a unguwar Masjid India bayan sallar Juma'a ya san shi da nutso. Da zarar damina ta ɗauke a gabashin ƙasar, wata ba ya ƙarewa bai ɗauki jakarsa ya tafi tsibiri ba. Ya san sunayen kifaye, ya san sunayen waɗanda suka mutu a ƙasan ruwa da kuskuren da kowannensu ya yi.

Abin da ya rage wa Haliru shi ne kayan da zai saya. Iri biyu ne. Akwai jaket, wadda da ita ya koya: riga ce mai shan iska, a ɗaura tukunyar iska a bayanta, in an hura ta ta rungume mutum ta tsayar da shi a saman ruwa kamar yaro a hannun uwarsa. Akwai kuma farantin ƙarfe da ake goyawa, da jakar iska a bayansa wadda ake kira fiffike. Shi wannan yana shimfiɗe mutum a cikin ruwa kamar kifi, amma a sama, in ba a iya ba, sai ya riƙa tura fuska ƙasa.

"Jaket?" in ji Dakta, a shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi masu shayi, yana ajiye kofinsa. "Haba Malam Haliru, da iliminka? Ai wannan ta 'yan yawon buɗe ido ce. Mutum ya rataye a ruwa kamar wanki a igiya."

"Dakta, ni fa da ita na saba."

"Da rarrafe ma ka saba, ka daina. Zan ara maka nawa. Ka shiga da shi, in ka fito ka zo ka ba ni haƙuri."

Ran Asabar Haliru ya ɗauki kayan aron ya hau LRT, jirgin ƙasan cikin gari, zuwa wani shagon kayan nutso a Sri Petaling, don a daidaita masa maɗaurin da jikinsa. Mai shagon, wata 'yar Sin mai suna Madam Ooi, ta ɗora farantin a kan tebur ta juya shi, sai ta yi dariya.

"Na abokinka ne, dakta mai hula. Ni na sayar masa. Yana lafiya?"

"Lafiya lau. Da shi za mu tafi."

"Ah, zai shiga ruwa ke nan? Madalla. Na daɗe ina yi masa magana."

Haliru ya ɗauka Turancinta ne bai gane ba, ya ce ta maimaita. Ba ta maimaita ba, sai ta nuna masa. Bututun da ake jonawa da tukunyar iska yana nan a cikin ledarsa ta kamfani, an cusa shi a gefen fiffike. Ƙarfen ba ko ƙwarzane. Ta kwance murfin jakar iskar ta sa shi ya sunsuna: ƙamshin sabuwar roba.

"Teku ba ta barin abu haka," ta ce. "Abokinka mutumin kirki ne, duk abin da ya fito sabo sai ya saya. Amma ban taɓa cika masa tukunya ba, don ba shi da katin shaidar ya koya."

Haliru ya nemi kujera ya zauna. Abin da ya fara zuwa masa ba fushi ba ne. Tunawa ya yi da ranar da ya rubuta shawarar Dakta a kan yadda ake ceton wanda iskarsa ta ƙare, har da ja mata layi.

Ya iske Dakta a gida da la'asar yana ba tsuntsayensa ruwa a baranda. Ya ajiye jakar a gabansa, ya ciro bututun da ledarsa, ya ɗaga.

Dakta ya dubi ƙofar falo, ya rage murya. "Ooi ko? Matar nan bakinta ba ƙofa."

"Dakta, ba ka taɓa shiga ba?"

"Ina zuwa tsibiri. Ina hawa jirgin ruwan. Sau ɗaya na leƙa ƙasa na ga yadda abin yake, na ce a'a, wannan ba wurin zaman ɗan Adam ba ne. Sai in zauna da direban jirgi, in sun fito in ji labari."

"Innalillahi! Amma ka ce min jaket ta 'yan yawo ce!"

"To ƙarya na yi? Na karanta fiye da duk wanda ya shiga. Sai mutum ya mutu kafin ya iya wankan gawa?"

Haliru ya juya zai tafi.

"Zauna mana, ƙanena," in ji Dakta. "Tunda ka sani, bari in gaya maka dalilin aron. Uwargidana, Antinka Larai, ta fara kallon kayan nan da wani irin ido. Ka shiga da shi, ka goga shi a jikin dutse kaɗan, gishiri ya kama shi. Shi ke nan, kowa ya huta."

"Wato ni za ka tura ƙasan teku da abin da ban iya ba, don ya tsufa?"

"Kai ma ka faye sa abu a muni."

Duk hanyar komawa gida Haliru yana shawara da kansa. In ya yi shiru, tafiya tana nan. Amma labarin ya fi ƙarfin cikinsa, kuma akwai daɗi na musamman a ba wa mata labarin da zai sa ta saki ludayi. Ya tarar da Surayya tana yanka kuɓewa. Ya zayyana mata komai, yana jiran salati.

Ba ta ko ɗago ba. "Yau ka sani?"

"Me?"

"Abban Mubina, Anti Larai ce ke wanke masa kaya in ya dawo. Ko ƙwayar yashi ba ta taɓa gani ba. Tun zuwanmu ta gaya mana a wajen suna. Ta ce a bar shi, gara wannan da wani abin."

"Ku duka kun sani?"

"Matan dai."

Haliru ya jingina da firiji. "To don me kika ce sai da shi za ni?"

Sai yanzu ta dube shi, da tausayin da ake yi wa mai digiri biyu. "Ya tafi da Kabir, ya tafi da Ashafa. Wanne ya jiƙe? Tun daga mota yake fara ba su labarin waɗanda huhunsu ya fashe. Kafin a kai tashar jirgin ruwa a Mersing sun tuba. Na ce kai ma ka je ka sha iska ka dawo min."

Abin ya yi wa Haliru ciwo, kuma ciwo ba ya barin mutum ya yi lissafi. "To ni ba haka ya shirya min ba! Ni so yake in shiga. Har roƙona ya yi in goga masa kayan a dutse."

Wuƙar ta tsaya. "Da gaske shiga za ka yi?"

"Da jaket," ya ce da sauri. "Na yanke shawara. Jaket ta fi aminci ga sabon shiga, ko Madam Ooi..."

Surayya ta riga ta goge hannu a zaninta, ta wuce falo ta ɗauko katin kiran ƙasar waje daga kan talabijin. Yana tsaye yana kallo ta kankare shi da ɗan kunnenta.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta gaisa da jikarta, ta tambaya ko suna samun gero, sannan ta ce a ba ta Haliru. Bai san lokacin da ya tsuguna a gaban wayar ba.

"Na ji an ce za ka shiga ƙarƙashin teku da tukunya a baya."

"Hajiya, karatu ne ya..."

"Ban yarda ba."

Ran Litinin ya shiga ofishin farfesa ya ce yana so ya mayar da binciken kan hotunan tauraron ɗan Adam. Farfesan, dattijo ne Bamalaye mai furfura, ya cire tabarau ya tambayi dalili. Haliru ya shirya dalilai na kimiyya tun a bas, amma da ya buɗe baki sai ya ji kansa yana cewa mahaifiyarsa ce ta hana.

Farfesa ya mayar da tabarau ɗinsa. Sannan ya jawo fayil ɗin gabansa.

"Boleh," ya ce, wato ya yarda. "Amma zai ƙara maka shekara."