Ranar da Aka Zo wa Ya Kellu Gaisuwar Mutuwarta

Ina tsakar gidan Ya Kellu a Gamboru, ina taya ta tsince itacen turare, bakina kuma yana nasa aikin, sai ga wata Hajiya ta yi sallama. Da jin Hausarta ka san Bakanuwa ce. Ta durƙusa a gabana ta ce, "Mama, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Ya Kellu."

Na dubi Ya Kellu. Ita ma ta dube ni, taɓarya a hannunta.

Na ce, "Amin. Ga mamaciyar nan, ki gaya mata da kanki."

Sai da muka ba Hajiya ruwa kafin magana ta fito. Ashe ta daɗe tana sayen turaren wuta da humra a wajen Ya Kellu ta hannun direba, ba su taɓa ganin juna ba. Da aka sace mata waya, ɗanta ya duba taswirar nan ta cikin waya, ya ga "Turaren Ya Kellu" da lamba a ƙasa. Da suka kira, wata yarinya ta ɗauka, har da shessheƙa, ta ce Ya Kellu ta rasu, ita ce 'yarta, ita aka bar wa sana'ar. Yau Hajiya ta shigo gari biki, direban ya nuna mata gidan, ta ce bari ta yi ta'aziyya.

Ta karanto lambar. Ya Kellu ta jingine taɓarya, ta zauna a ƙasa. Lambar Khairiyya ce.

Khairiyya 'yar ƙanwarta ce. Tun yaye take hannunta, har ɗan ƙaramin turmi ta sa aka sassaƙa mata don ta koyi daka, yana nan a gindin gado ana ajiye wa 'ya'yanta. Ita ta sa gidan a taswira tun tana budurwa. Da ta yi aure ta tare a Bulumkutu, wayar Ya Kellu ta yi shiru. Mu kuwa muka yi ta zagin tsadar rayuwa, ashe ita tsadar, baiwar Allah, ba ta san hawa ba balle sauka.

Na leƙa ta katanga na kira Malama Phoebe, maƙwabciyarmu 'yar Lassa mai koyarwa a firamare. Ta buɗe taswirar. Jar alamar da ya kamata ta tsaya a kan rufin Ya Kellu tana can Bulumkutu, ta yi ɗare-ɗare.

"Ya Kellu, kada ki damu, ana gyarawa," in ji Malama. Ta cire waccan lambar, ta sa ta gaskiya, ta tura.

Bayan 'yan kwanaki amsa ta zo. Wai sai an ɗauki bidiyon ƙofar gida, a nuna allo mai ɗauke da sunan sana'a. To, a ina? Mu nan mai turare ba ta kafa allo. Hanci ne ke kawo mutum, in ya ɓata ya tambayi matan layi. Marigayi Malam Babakura, mijin Ya Kellu, ko sunanta ba ya yarda a kira da ƙarfi a zaure, balle a rubuta a bango kowane mai keke ya karanta. Khairiyya kuwa, Malama ta nuna mana hoto, allo ne kamar ƙofa, kore shar, da sunan Ya Kellu ɓaro-ɓaro. Masu taswira ita suka yarda da ita.

Washegari Ya Kellu ta yafa lafayarta ta zuwa biki. Ta aika a kira mai keke, ta ce min, "Yagana, za ki raka ni Bulumkutu?" Ni da ko ba a gayyace ni ba da na bi bayan keken a guje.

Mun tarar da Khairiyya tana zuba turare a kwalabe. Murfin hannunta ya faɗi.

"Ya, wushe, sannu da zuwa. Ba ki ce za ki zo ba."

"Matattu ba sa aiko da saƙo," na ce. Ya Kellu ta harare ni, na ja bakina, amma ba duka ba.

Ta ce, "Khairiyya, da kin ce na tsufa, ai gaskiya ne. Da kin ce na makance, na kusa. Me ya kai ki ga likkafani?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "In na ce kina nan, Ya, wajenki za su ce a kai su. Kuma ke kika ce komai naki nawa ne."

"Na ce bayan raina."

Khairiyya ta duƙa tana laluben murfin.

Ya Kellu ta ce, "Shi ne kika ga na daɗe."

Na zaci za a yi kuka, a rungumi juna. Ina! Ya Kellu ta fita ta ce wa mai keken ya ciro mata allon nan. Mijin Khairiyya ya fito zai yi magana, ta nuna rubutun ta ce, "Ɗana, karanta min. Sunan wa?" Ya karanta, ya koma ciki.

Haka muka ratso gari da allo a cinya, rabinsa a waje. Da za a buga ƙusa a bangon Malam, na ji tana cewa a hankali, "Ka yafe min." Malama Phoebe ta ɗauki bidiyo: ga allo, ga kasko yana hayaƙi, ga mai suna tsaye da ranta. Wannan karon suka yarda. Lamba ta dawo, jar alama ta dawo Gamboru.

Kira na farko ina wurin. Wata mata ce daga Kaduna. Ya Kellu ta gyara murya ta ce, "Kellu ce."

Matar ta ce, "Ki ji tsoron Allah! Da sunan mamaciya za ki ci abinci?" Ta kashe.

Ya Kellu ta ajiye wayar. Can ta shiga ɗaki, ta fito da ɗan turmin nan, ta miƙa wa Malama ta katanga ta ce ta zuba ƙasa ta shuka barkono.

Yanzu in wayar ta yi ƙara, tun ba ta gama amsa sallama ba take cewa, "Kellu ce, ban mutu ba." Wasu su yarda, wasu su kashe.