Kiran da Ke Cikin Kaset ɗin Gideon

Gideon ya sa 'yarsa Joy ta kunna masa tsohon kaset ɗinsa ranar da ya daina cin abinci. Da hantsi ne. Maƙwabcinsa Malam Ndatsu, tsohon magini, yana tsakar gidansa yana ɗaure igiyar guga, sai ƙarar ta tsallako katanga.

Ya san ta. Shekarun baya, Gideon da abokansa sun manne bangon ɗaki da kwalayen ƙwai, sun toshe taga da katifa, sun kwashe damina guda suna ɗaukar waƙoƙi. Jitar na gurnani kamar injin niƙa ya haɗiye dutse, Gideon na ihu a kai. Duk Sabon Gari aka ce yaron ya taɓu. Ndatsu bai taɓa yi masa magana ba, don shi ba ya roƙon yaro. Auduga yake cusawa a kunne ya shige ɗaki. Da audugar a kunnensa ya fito wata rana ya tarar da matarsa Halimatu kwance gefen turmi, jikinta har ya yi sanyi. Ya gaya wa kowa ta tafi shiru, ba ta wahala ba.

Kaset ɗin bai sayu ba a lokacin. Yanzu kuwa an ce samarin Legas sun tono shi a waya, suna cewa daga gare shi duk masu kiɗan jita mai ƙara suka koya. Ndatsu bai taɓa saurarensa ba.

Yau babu auduga a kusa. Kiɗan ya yi ta ruri, can ya lafa, saura amo ɗaya siriri. A ƙarƙashinsa ana jin bugun taɓarya daga nesa. Bugun ya tsaya. Sai muryar mace.

"Ndatsu. Ndatsu."

"Na'am," ya ce, kafin ya san ya faɗa.

Ba kowa a tsakar gidan sai kaza. Muryar Halimatu ce, daga cikin kaset ɗin. Duk zamansu, Halimatu ba ta taɓa kama sunansa ba. Malam take cewa, ko ta yi gyaran murya a bakin ƙofa. Sai yanzu ya gane ranar da ta faɗi gefen turmi ce ta yi wannan kiran.

Ya saka takalmi ya zagaya gidan Gideon. Ɗakin Gideon na warin magani, shi kuma yana kwance ya ƙare, sai idanu. Joy ta miƙe ta ba Ndatsu kujera, ta ce ai nan wurin mutane suka fi so a duk kaset ɗin. Ta ce in ana kaɗa waƙar a taro, da an zo nan sai kowa ya yi tsit, sannan su kira sunan tare da matar.

"Daddy ya ce don cin abinci Mama Halimatu ke kiran ka, Baba."

Ndatsu ya dubi Gideon. Gideon ya juya fuskarsa bango, bangon da ke tsakanin gidajen biyu. Ndatsu ya tsaya yana jira ya juyo. Bai juyo ba. Kafin la'asar aka ji kukan Joy.

Ndatsu ya je coci ya tsaya a waje, ya bi masu jana'iza maƙabarta. Da ya ga masu haƙa sun karkace gefen ramin, ya karɓi shebur ya daidaita shi.

Ana zaman makoki a ƙofar gida sai wani saurayi daga Legas, mai gashi har kafaɗa, ya durƙusa gabansa ya gaishe shi da Hausa mai tuntuɓe. Joy ta fassara sauran. Za a sake fitar da kaset ɗin don tunawa da babanta. Mutane sun daɗe suna tambayar wane ne Ndatsu, kuma me ya sa bai amsa ba. So suke ya ce na'am sau ɗaya, su liƙa a bayan kiran.

Saurayin ya danna waya. Taɓarya ta buga, ta tsaya. Masu gaisuwa suka kasa kunne a kan fararen kujeru. Halimatu ta kira. Na biyun ya fi na farkon rauni.

Saurayin ya matso da makirufo kusa da bakin tsohon, wata 'yar jar fitila na ci a jikinsa. Ndatsu ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu, ya rufe baki har muryar ta wuce, jitar ta danne wurin.

"Ba zan amsa ba," ya ce.