Kunnenta na Dama

Na yi shekaru ban saurari karatun ranar Kirsimeti ba, ko da yake ban taɓa fashin sujada ba. Ni ne mai kula da lasifikar majami'armu. Teburina yana can baya kusa da ƙofa, kuma daga nan abin da kunnena ke farauta shi ne gurnanin waya da kukan makirufo. Idan fasto ya buɗe baki, ƙarfin muryarsa nake aunawa. Abin da ya faɗa kuwa yakan wuce ni, ya je ga waɗanda suka zo dominsa.

Makon bikin bana ya zo mini da nauyi. Ɓera ya ci wayar da ke zuwa bagade, shugabar mawaƙa ta nace sai an ƙara mata makirufo, jikoki kuma sun cika mana gida har takalmina sai na yi cigiya. A cikin wannan hayaniya matata ta tare ni da safe ina ɗauke da jakar kayan aiki. Kunnenta na hagu ya daɗe da mutuwa, na daman ma saura kaɗan.

"Baban yara, bara ban ji ko kalma ɗaya ta labarin haihuwar Almasihu ba," in ji ta. "Bakin fasto kawai na ga yana motsi. Inda na ga mutane sun ce amin, ni ma na ce."

"Zan gyara," na ce.

"Kai dai da gyara. Tun da na aure ka kake gyara."

Na yi abin da na iya. Ranar gwajin waƙa na jawo ƙaramar lasifika har bakin bencin da take zama, na zaunar da ita, na koma teburina na murɗa. Nan take ta toshe kunne.

"Kashe, kashe! Injiniya, so kake ka ƙarasa mini ɗayan?"

Mawaƙa suka fashe da dariya. Da na matso, ta sassauta murya.

"Wannan abin naka kamar ana jan tukunya a kan siminti yake. A gida da ƙyar kake ɗaga murya, amma ina jin ka sarai, don kana kusa."

Na fahimci abin da take roƙo, na kuma yi kamar ban fahimta ba. Idan na bar teburin, wa zai kama ƙarar in ta tashi? Haka na gaya wa kaina, amma zuciyata ba ta karɓa ba. Na san cewa teburin nan ya zame mini maɓoya, inda mutum zai kasance cikin haikali ba tare da an taɓa shi ba.

Ranar Kirsimeti majami'a ta cika. Da mai karatu ya hau, na hango bayan matata a benci na uku. Ta karkatar da kai gefe, tana miƙa kunnen da ya rage mata, kafaɗunta a ɗage don ƙoƙari. Can na ga sun sauka. Ta haƙura.

Na juya ga dattijon da ke tsaron ƙofa.

"Yaya, zo ka riƙe mini nan. Kada ka taɓa komai."

"To me zan riƙe ke nan?"

"Kujerar."

Na bi ta gefen bango, gwiwoyina suna ƙara, na tsaya a damanta. Ta ɗago a firgice.

"An ɗauke wuta ne?"

"A'a. Matsa mini."

Na zauna, na kai bakina kusa da kunnenta, na shiga maimaita mata karatun jimla bayan jimla: makiyaya a fili, tsoron da ya kama su, jaririn da aka kwantar a wurin cin dabbobi. Dole sai da na ji kowace kalma kafin in ba ta. A bayanmu lasifika ta ɗan yi tsuwa, wasu suka waiwaya neman inda nake.

"A hankali," matata ta raɗa. "Sake faɗin na jaririn."

Na sake faɗa.