Muryar Inna a Tsohuwar Kwamfuta

Koren layin da ke fuskar kwamfutar ya ƙi gaba, sai ka ce an ɗaure masa ƙafa. Falmata ta matso ta kasa kunne. Ƙarar nan kuwa ta sake tasowa daga cikin tsohuwar na'urar, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ɓera a bayan buhu.

Duk abin da ya rage na muryar mahaifiyarta yana cikin wannan tsohuwar aba, a bidiyoyin da yayanta Abdulƙahhar ya ɗauka kafin aiki ya kai shi Legas. Inna ta rasu bara. A 'yan kwanakin nan, in Falmata ta rufe ido fuskar tana zuwa, amma muryar ba ta zuwa, kuma abin ya tsorata ta ƙwarai. Shi ya sa ta tashi kwashe komai zuwa sabuwar kwamfutarta. Ramukan da ake soka filas ɗin kwashe bayanai a tsohuwar duk sun mutu, batirin ma haka. Da zarar an ɗauke wuta, magana ta ƙare. Hanya ɗaya ta rage, wato ta rauta, na'urar intanet ta gidan da ta haɗa kwamfutocin biyu, ita kuwa tun safe take jan ciki.

Ta kira Sylvester, mai gyaran kwamfuta a Sabon Gari, haifaffen Kano wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Fagge.

"Oga Sylvester, ka ji abin da take yi?" Ta kara wayar a jikin kwamfutar.

"Kai! Hajiya, wannan ai kukan mutuwa ne. Kada ki kashe ta, kada ki ɗaga ta."

"In kawo maka ita?"

"In kika zare ta daga wuta, ban yi miki alƙawarin za ta sake tashi ba. Ni kuma kafin in keto cunkoson nan, wa ya sani? Ina rautar take? Daga nesa kike?"

"Ga ta nan a falo, kusa da ni. Tana cikin akwati."

"Wane akwati?"

"Na ƙarfe. Na Baba."

Sylvester ya danne dariya, irin yadda ake danne ta a gidan makoki.

Goni, mahaifin Falmata, mutum ne da ko allura ya saya sai ya nema mata kwaɗo. Ranar da wani a Kantin Kwari ya gaya masa maƙwabta suna iya shan datar mutum ta bayan katanga, ya dawo gida ya sa aka huda akwatinsa ta baya, aka zura waya, ya saka rautar ciki ya datse. Tun daga nan intanet ɗin gidan ya zama sai a hankali, Goni kuwa ya ce ai da ma haka kamfanonin nan suke.

"Hajiya, ƙarfe ba ya barin siginal ya fita. Ki buɗe yanzu-yanzu."

"Makullin yana aljihunsa, yana kasuwa."

Ta katse ta kira Goni, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Fankar sama ta rage gudu, ƙwan fitila ya yi ja, sannan ya dawo. Tunda Falmata take a duniya ba ta taɓa ko taɓa kwaɗon Baba ba, balle ta fasa. Ta shiga kicin ta ɗauko taɓarya. Ta yi bismilla ta sauke wa kwaɗon, ta ƙara, ta ƙara, har ya faɗi a kan siminti.

Rautar ta yi zafi kamar burodin da aka fitar daga tanda. Tana ɗora ta a kan tebur, koren layin ya zabura. Ta sake kiran Sylvester.

"Ya tafi! Wallahi ya tafi!"

"Wanne kike turawa?"

"Na bikin Yaya. A nan ta yi doguwar nasiha."

"Babba ne, ba zai kai ba. Ki tsayar, ki fara da ƙanana."

Ba ta so ba, amma ƙarar ta koma kamar ana gurza ƙarfe. Bidiyoyin ba su da suna, lambobi ne kawai. Ta zaɓi wani ƙarami da ka, ta tura. Ya wuce. Ta kai hannu kan na biyu ke nan fuskar tsohuwar kwamfutar ta daskare, ta yi baƙi, ƙarar ta ɗauke. Wuta tana nan. Ita ce dai ta gama nata.

Falmata ta daɗe a zaune kafin ta iya buɗe wanda ya tsira. Rago ne. Ragon layya ɗaure a tsakar gida yana cin dusa, hoton sai girgiza yake, Abdulƙahhar yana ta yabon ƙahonsa. Babu Inna ko a gefe. Hawaye suka zubo mata. Tana shirin rufewa sai wata murya ta taso a bidiyon, daga can cikin kicin, da faɗa, sak yadda take:

"Falmata! Ke Falmata! Wai ba kya ji ina kira ne?"

"Na'am, Inna," in ji Falmata.