Alamar Tushe a Kunnen Kanari

"Sake saurara," in ji Malama, ta danna madanni.

Kanari ta gyara abin sauraro a kunnenta, ta karkata kai. "Ya ce, nemo amsar hoto, sai tara. Hoton wa kika saka mana, Malama? Naki?"

Malama ba ta yi dariya ba. Kanari, wadda 'yan aji suka laƙaba wa sunan saboda surutu, ita kaɗai ce makauniya a makarantar, kwamfutarta ke karanta mata rubutu da murya. Duk ranar jarrabawar lissafi ofis ake kai ta, wani malami ya karanta mata tambayoyi, ya rubuta mata amsa. Wannan karon Malama ta yi mata alkawarin za ta zauna a aji kamar kowa. Ga shi an kusa kaɗa ƙararrawa, alamar tushen lamba ta ƙi magana.

Malama ta kira ƙanwarta a waya, wadda ke aikin kwamfuta a wani kamfani.

"Yaya, ta yaya kika saka alamar?"

"Hotonta na ɗauka a littafi, na liƙa."

Dariyar ƙanwar har Kanari ta jiyo. "Haba Yaya! Na'ura ba ta da ido. Kowane harafi lamba gare shi a wurinta, ita ma alamar nan da tata. Goge hoton. Rubuta biyu, biyu, ɗaya, A, kada ki bar fili. Sai ki danne Alt, ki taɓa X."

Malama ta yi. Ta zuba wa allon ido.

"Wata takwas ce ta fito, ta yi kwanciyarta."

"E kika buga! Wannan alamar marar iyaka ce. A na ce, ta ayaba!"

"To ki riƙa buɗe baki mana, 'yar nema."

Ta goge, ta sake. Lambobin suka ɓace, √ ta tsaya cak a gaban tara.

Kanari ta kasa kunne. Can sai ta miƙe zumbur, har kujera ta faɗi. "Tushen tara! Ya faɗa! Malama, uku ne!"

"Zauna, sarkin baki! Yanzu dole in canza tambayar."

Suka bi sauran alamomin, ƙanwar na faɗo lambobi tana tsokana, Malama na bugawa, Kanari na tabbatarwa da kunne. Ƙararrawa ta kaɗa suna kan ta ƙarshe.

A aji, Kanari ta zauna kusa da taga tsakanin ƙawayenta. Ba ka jin komai sai ƙarar biro a kan takarda da ƙwas-ƙwas ɗin madannanta. Shugaban makaranta ya leƙo, ya daɗe a bakin ƙofa, ya koma yana murmushi.

Bayan an tashi, Malama ta fitar da amsoshin Kanari a takarda, ta fara dubawa. Komai daidai, sai tambayar ƙarshe. Tana juya jan biro a hannu, sai ga ƙarar sanda a ƙofa.

"Malama, na ci?"

"Kin ci sosai. Amma ta ƙarshe, kin manta alamar ragi."

"Na faɗi ke nan?"

"Ita kaɗai. Kada ki damu."

Kanari ta fashe da dariya har ta dafa tebur. "Damuwar me? A ofis, duk wanda ke karanta mini, da na doshi kuskure sai ya yi gyaran murya. Tunda nake ban taɓa faɗuwa da kaina ba."

Ta laluba takardar, ta tura ta gaban Malama.

"Ki soke ta. Amma ki danna biron da ƙarfi yadda zan ji da yatsa. Mama zan kai wa."

Malama ta danna har takardar ta kusa hujewa.