Ramin da ke Bayan 'Yata

Shekara ashirin da bakwai ina wankan gawar mata a unguwar Adjamé Liberté. Bahaushiya, Bazabarma, Bajula, duk wadda ta rasu ni Baraka ake aiko wa. Ban taɓa fitowa daga ɗakin wanka na faɗi abin da idona ya gani ba. Amana ce, haka aka koya mini. Na riƙe ta har ranar da aka shimfiɗe mini 'yata.

Ita ce 'yar farina. A takarda Nuriyya take, a bakina kuwa ba ta da suna, don mu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta taɓa shi a gaban mutane. Ta yi boko, tana buga takardu a wani ofis. Motar haya ce, irin wadda ake kira gbaka, ta kife da su a hanyar Bassam, ta bugu a kai. Aka kai ta wani asibiti a Treichville, ɗakin da suke cewa reya, inda inji ke yi wa mutum numfashi.

Kwana ashirin da uku ta yi. Kullum da la'asar a ba mu minti biyar. Mijinta Idris ya matsa gefen gado, ni in tsaya can wajen ƙafafu, ga suruki, ga mutane. An rufa ta har wuya, fuska tas an shafa mai. A sati na biyu hancina ya ji wani abu. Wa ya fi ni sanin warin nan? Na tambayi wata ma'aikaciyar jinya da Julanci ko suna juya ta.

"Mama, babu komai," ta ce, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Hannuna ya kai kan zanen gadon, na janye. Ni da nake tuɓe matattu, na ji kunyar buɗe 'yata tana da rai.

Kan ya fara warkewa fa. Ta buɗe ido, har ta damƙe hannun Idris. Sai zazzaɓi ya sauko, jiki kamar garwashi, kwana huɗu ta cika. Takardar da suka ba mu ta ce buguwar kai ce.

Hajiya Saudatu, wadda ke zuba mini ruwa in ina wanka, ta tare ni a ƙofar ɗakin wanka.

"Baraka, uwa ba ta wannan aikin. Ki bar mana."

"Matsa, Saudatu. Na bar wa wasu kwana ashirin da uku."

Da muka juya ta, butar ta suɓuce daga hannun Saudatu. Rami ne a ƙasan bayanta, dunƙulen hannuna zai shige, bakinsa baƙi ƙirin, ga ƙashi fari a ciki. Dugaduganta biyu ma sun ruɓe. An cusa auduga an manna filasta, kamar mai toshe ramin ɓera.

"Ba mu gani ba," in ji Saudatu. "Kin ji ko? Ba mu gani ba."

Bayan sadakar bakwai na je wajen Malam Zakari, limamin unguwarmu, na faɗa masa abin da na gani.

"Hajiya, wanda ya wanke mamaci ya rufa masa asiri, Allah zai rufa nasa. Kwananta ne ya ƙare."

"Allah gafarta Malam, asirin wa zan rufa? Ita ta haƙa ramin?"

Ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Na tasa Idris gaba. Sau uku muna ƙetare gada zuwa Treichville kafin babban likitan ya yarda ya gan mu. Na zazzage masa komai, Idris yana juyawa da Faransanci. Sai na ga ya gama da wuri, likita har yana gyaɗa kai.

"Idris, na ba ka turmin atamfa guda, ka miƙa masa ɗankwali?"

"Inna, akwai abin da ba a faɗa..."

Na miƙe, na juya wa likitan baya, na dunƙule hannu na ɗora a daidai wurin. Sannan na toshe hanci. Wannan ba ya buƙatar tafinta.

Likitan ya cire tabarau, ya sa aka ɗauko fayil ɗinta, ya daɗe yana dubawa. Da ya yi magana, Idris ya fashe da kuka kafin ya juya mini da Hausa. Gyambon kwanciya ne. Wanda ba ya motsi, duk awa biyu ake juya shi, in ba haka ba naman ya mutu. Cuta ta bi ta ramin ta shiga jini, ita ta kawo zazzaɓin. Ma'aikata biyu ne, gado goma sha biyu.

"To ya rubuta," na ce. "Ba na son sisinsu. Ya yaga waccan takardar ya rubuta abin da ya kashe ta."

Ya ce takarda ta riga ta tafi ofishin magajin gari, ba a canzawa. Ya ce in yi haƙuri. Na ce haƙurin ne ya kashe ta.

Kafin mu iso Adjamé labari ya riga mu, don a bakin ƙofar asibitin ma sai da na faɗa wa matan da ke jiran minti biyar ɗinsu. Aka yi rasuwa biyu a unguwa, ba wanda ya aiko mini. Duk Alhamis ina komawa neman takardar, har mai gadi ya fara kawar da kai in ya hango ni.

Jiya Saudatu ta zo. Ba ta cire takalmi ba, daga bakin ƙofa ta tsaya.

"Baraka, gaskiyarki ce, ni shaida ce. Amma na bar wa 'ya'yana wasiyya. In tawa ta zo, kada a kira ki."

"Ke ma, Saudatu?"

"Akwai abin da ke jikina da ko mijina bai sani ba," ta ce, ta gyara mayafi ta fita.