Hayaƙin Duba-gari a Tashar Kebbe

Ranar kasuwa ce a farkon damina, hadari ya haɗo daga gabas ya tsaya cik. Gidaɗo, duba-garin Kebbe, yana tsakiyar tasha yana zazzage kwalayen sigari cikin rabin duro.

Tun da rediyo ya ce gwamnati ta hana shan taba a motar haya da ofis da makaranta, Gidaɗo bai zauna ba. Ba don gwamnati kaɗai ba. Mahaifiyarsa, Inna Marka, tana sayar da fura a gindin wata bishiyar bedi a bakin tashar, inda direbobi ke zama suna busa mata hayaƙi tun safe. Tana da asma. Likitan Tambuwal ya ce in ƙirjinta ya sake toshewa kamar bara, ba lalle a iso da ita da rai ba. Gidaɗo ya roƙe ta ta sauya wuri, ta ce masu saye nan suke.

Shi ya sa yau ya saka kakinsa ya bi teburan tasha, ya kwashe duk sigarin da ya gani, har da ganyen tabar da wani ya kawo daga Fakku.

"Malam duba-gari," in ji Almu mai tebur, yana biye da shi, "sha rediyo yac ce, bai ce saidawa ba."

"Wanda bai samu ba, mi zai sha?"

Almu ya bi kwalayensa da ido har cikin duron.

Aikin duba-gari hanya ɗaya gare shi. Ruɓaɓɓen nama, a ƙona. Kifi mai tsutsa, a ƙona, kuma a gaban jama'a, kada a ce ya kai gida. Ya tuttula kananzir, ya shafa aljihu, babu ashana.

"Wa ke da ashana?"

Duk direbobin suka miƙo masa. Namadi, babbansu, shi ya ƙyasta da hannunsa.

Hayaƙi ya turnuƙe, fari, mai kauri. Direbobi suka duba inda iska ta nufa, suka ɗauki bencinsu suka koma can suka jera, suna zuƙa da hanci.

"Ku tashi nan!" Gidaɗo ya daka musu tsawa. "An hana!"

"Mi munka yi?" in ji Namadi, ido a lumshe. "Ka ga kara hannun wani? Lumfashi mukai. Ko shi ma an hana?"

"Gusa, Namadi," in ji na kusa da shi, "kai ɗai kaka shanye mai tsadar."

Wani tsoho ya aika a kira ƙanensa daga gona. Almu ma ya nemi gefen benci, ya ce tunda kayansa ne, bari ya ɗanɗana.

Sai iskar hadari ta juya, ta watsa tartsatsi a rufin rumfar Almu, ya kama. Hayaƙin ya kwanta ƙasa, ya ratsa tsakanin motoci, ya shige gindin bedi. Direbobi suka sunkuci benci suka bi shi. A lokacin Gidaɗo ya ji tarin da ya sani tun yana yaro.

Ya tarar da Inna Marka a durƙushe, ta dafe ƙirji, numfashinta yana fita da ƙara kamar usur. Ya waiga bai ga ruwa ba, ya ɗauki ƙwaryar fura ya ruga ya sheƙa wa duron, wuta ta lashe masa gira. Hayaƙin ya ninka, yanzu har da ƙaurin nono.

"Inna, ja lumfashi! Inna!"

Ta ɗago jajayen idanu. "Kai wanga yaro... su kara-kara suka busa man... kai ka kawo man buhu."

A motar Namadi aka sa ta. Hanyar Tambuwal duk rami ce, Gidaɗo yana rungume da ita a baya yana salati.

"Kwantar da hankalinka, duba-gari," in ji Namadi, yana murza sitiyari. "Ba ni kunna komi cikin mota. Na ƙoshi har jibi."

Sun isa da sauran numfashinta. Aka yi mata allura, ƙirjin ya saki kafin la'asar.

Abin da aka rasa ranar: sigarin tebur shida, fura ƙwarya guda, rufin rumfar Almu, da girar Gidaɗo ta hagu. Sai kuma muryar Inna Marka a kunnen ɗanta, don har aka sallame ta, in tana son ruwa, ma'aikaciyar jinya take gaya wa ta gaya masa.